Takardun Saje a Ɗakin Mai Gadi

"Wai makaranta zai koma."

"Wa?"

"Na saman benen nan mana. Mijin ƙanwar mai shago."

"Tsohon sojan? Makarantar me kuma, ta koyon mota?"

"Ina! Kwaleji. In ya gama kwalejin wai sai ya zarce babbar makarantar kasuwanci, ya fito ya buɗe kamfani."

"Da wannan furfurar? To Allah ya ba mu tsawon rai mu ga kamfani. Ni dai a ɗauke ni mai shara."

"Yi a hankali, tagarsa a buɗe take."

"Ya ji mana. Harbe ni zai yi? Ai an ce shekara ashirin da biyu bargo yake ƙirgawa."

Saje bai ko ɗaga kai daga kan tebur ba, balle ya leƙa ya ga masu maganar. Me zai gani? Farar hula ne zaune kan tsofaffin tayoyi da ƙarfe goma na safe, babu wanda ya san inda ya sa gaba. A wurinsa farar hula duk kanwar ja ce: mutanen da za a ce musu ƙarfe takwas su zo sha ɗaya suna sakace, ba su iya tsayawa a layi ba, ba su iya ninke mayafin da suka kwana da shi ba. Ya ja tsaki, ya gyara zaman rula a kan kwalin da yake ja wa layi, ya ci gaba da aikinsa.

Maganar bargon dai ba ƙarya suka yi masa ba. Ubansa mai gyaran sikeli ne a kasuwa, mutumin da ya rene shi a kan cewa komai na duniya yana da ma'auni, kuma duk wanda ya ce "kusan haka ne" ɓarawo ne. Ya gama sakandare da sakamakon da ba yabo ba fallasa, ya shiga soja yana ɗan shekara goma sha tara. Bai cika wata shida da fita daga horo ba wani samanja ya ga rubutunsa a jikin takardar neman hutu, harafi kowanne a tsaye kamar an sa shi fareti, ya ce wannan hannun asara ne a bar shi riƙe da bindiga. Aka tura shi sito. Daga ranar bai sake fitowa ba. Bariki bakwai ya zauna, a kowanne sito ne gidansa: bargo, takalmi, gidan sauro, kwano, fitila. Bai taɓa harbin komai ba sai allon gwaji, shi ma sau ɗaya a shekara. Amma a sito bakwai ɗin nan ko igiyar takalmi ba ta taɓa ɓacewa a hannunsa ba, kuma yana faɗar wannan kamar wanda ya ci gari da yaƙi.

A shekara ta goma sha biyar ya samu igiya uku, a nan kuma jirginsa ya tsaya cak. Yara suna zuwa daga jami'a riƙe da takardar digiri, bakinsu na warin nono, shi zai koya musu yadda ake cika takardar karɓar kaya. Kafin a ce me, sai ga tauraro a kafaɗarsu, sai ga shi yana ƙame musu yana sarawa. Ya daɗe yana auna abin, irin awon ubansa, har ya gano cewa tsakaninsa da su babu komai sai takarda. Kasuwanci kuwa, da ake ta zuzutawa, mene ne in ba sito ba? Kaya ya shigo, kaya ya fita, a sa hannu.

Ranar da aka sallame shi aka ba shi agogon bango, da takardar shaidar ɗa'a, da wata takarda mai hatimi wadda ta fi masa sauran daraja. A cikinta an ce rundunar za ta ɗauki nauyin karatunsa, da sharaɗin ya samu gurbi a wata kwaleji kafin ya cika shekara ɗaya da sallama. Kwalejin garin kuma sau ɗaya take ɗaukar ɗalibai a shekara. In ta wuce shi bana, takardar ta zama abin ƙunshe ƙusa.

Da aka karɓi makullin gidan bariki sai suka dawo ɗaki biyu a saman shagon tayoyin yayan matarsa. Matar tela ce, ta kafa kekenta a barandar bene, inda iska ke kawo mata warin roba da surutun masu zaman kashe wando. Shi kuma ya ƙwace bangon falo. Kwali huɗu ya haɗa da gam, ya zana tafiyar shekara takwas da jan biro da shuɗi. Mataki na ɗaya: shiga kwaleji. Mataki na biyu: digiri, shekara huɗu, ba maimaici. Mataki na uku: babbar makarantar kasuwanci. Mataki na huɗu: kamfanin jigilar kaya. Kowane mataki da kibiyarsa da ranarsa da watansa. Har launin da za a shafa wa motocin kamfanin ya rubuta a gefe, ya soke, ya sake rubuta wani.

"Saje," in ji matar wata rana tana cizge zare da haƙori, "ni fa wannan bangon tsoro yake ba ni. Baƙuwa ta shigo jiya ta ce ko yaƙi za mu tafi."

"Yaƙi ne mana. Ke kin san yaƙi?"

"Kai ka san shi?"

Ya yi kamar bai ji ba. Shekara goma sha tara suna tare, ya san in ta fara irin wannan, mayar mata da magana ƙara wa wuta fetur ne.

Yayan nata kuwa, wanda kowa a layin yake kira Mai-taya, shi ne duk abin da Saje ya raina a jikin mutum guda. Ƙaton ciki, takalmi a take ta baya, waya uku a aljihu kowacce da irin kukanta. Bai iya rubuta komai ba sai sunansa, shi ma kamar kaza ta yi tonon ƙasa. Amma shago huɗu gare shi. Wannan ne abin da ya tsaya wa Saje a wuya. Ya taɓa leƙa ɗakin ajiyar kayansa sau ɗaya ya fito yana jin jiri: tayar babbar mota kan tayar babur, sabuwa a ƙarƙashin tsohuwa, babu lamba, babu littafi, babu komai.

"Ƙanina," Mai-taya ya ce masa a bakin bene, yana sosa ciki, "ka bar wahalar da kanka. Ga sitona nan. Ka riƙe min makulli, in riƙa ba ka wani abu duk wata. Ai aikinka ne, ko ba haka ba?"

"Wannan ba sito ba ne, juji ne."

"Jujin ne ya gina benen da kake kwana a ciki."

"In na gama karatu zan nuna maka yadda ake kasuwanci."

"Madalla. Ni da ban yi karatun ba sai in ci gaba da yin kasuwancin kafin ka gama. Makullin dai yana nan a rataye, duk ranar da makaranta ta ƙi." Ya juya ga mutanen ƙofar shago. "Ku gaishe da ɗan makaranta mana!"

Suka gaishe shi da murya ɗaya, wani har da ƙamewa ta shaƙiyanci, hannu a kan kunne. Saje ya wuce ƙirji a gaba. Ya sani sarai, in takardar nan mai hatimi ta mutu a hannunsa, wannan makullin zai karɓa, kuma a gaban waɗannan mutanen zai karɓe shi.

Saura mako bakwai a rufe karɓar takardu ya shirya fayil ɗinsa. Kwana uku ya yi yana haɗa shi. Sakamakon sakandare, takardar haihuwa, takardar sallama, takardar tallafin, hoto huɗu, wasiƙar neman gurbi da ya rubuta da hannunsa har sau biyar kafin ta yi masa. Ya jera su bisa tsari, ya lamba kowace, ya huda, ya ɗaure da koren zare. Ya goge farar rigarsa har karin hannunta yana iya yanka burodi, ya nufi kwalejin.

Tun daga bakin hanya ransa ya fara ɓaci. Yara ne ko'ina, wando a gwiwa, igiyar waya a kunne, suna tafiya kamar ba ƙashi a jikinsu. Wani ya bangaje shi bai ko waiwayo ba. A gefen ƙofar akwai allon sanarwa da suka yi wa cincirindo, takardu a liƙe bisa takardu, tallan ɗakin haya kan tallan gyaran waya. Ya dube shi a wulaƙance ya kau da kai. Allon da kowane ɗan iska zai iya manna wa abin da ya ga dama ba allo ba ne.

Sai idonsa ya faɗa kan mai gadi.

Kakin kamfanin gadi ne a jikinsa, shuɗi mai arha, amma an goge shi guga ta gaske, takalmin kuma kana iya ganin fuskarka a hancinsa. Dattijo ne siriri, yana tsaye ƙafa a ware, hannu a baya. Shi ma ya hango tafiyar Saje tun daga nesa. Kafin a yi magana ya haɗa dunduniya, ƙas, ya sara.

"Barka da zuwa, Yallaɓai!"

Wata goma ke nan rabon da wani ya sara wa Saje da gaske. Ya gyaɗa masa kai.

"Sake jiki. Igiya nawa ka fita da ita?"

"Biyu, Yallaɓai. Shekara goma sha takwas."

"Kofur ke nan. Ni uku, sito."

"Ai na gani a tafiyarka, Yallaɓai."

Suka shiga ɗan ɗakin gadin, mai tebur ɗaya da kujera ɗaya da butar shayi ta lantarki. Kofur ya goge kujerar da hularsa ya ba shi. Suka taɓa hira kan barikin da suka taɓa zama, da wani samanja mai mugun hali da su duka suka sani. Sannan Saje ya ɗora fayil a kan tebur.

A nan ne ya yi abin da duk sojan kirki zai yi. A bariki ba a tsallake. Takardar kurtu ta hannun kofur take bi, kofur ya miƙa wa saje, saje ya miƙa wa samanja, samanja ya kai wa hafsa, har ta isa teburin kwamanda. Wanda ya ɗauki takardarsa da ƙafarsa ya nufi ofishin manya kai tsaye, a gadirum zai kwana, kuma ya cancanta. Saje da kansa ya sa an kulle yara biyu a kan haka. To yau ga shi a wata sabuwar runduna, shi ne kurtu, ga kuma matakin farko a gabansa cikin kaki. Ina shi ina kutsa kai ofishin shugabanni kamar wani farar hula mara tarbiyya?

"Kofur, wannan takardar neman gurbi ce. A wuce da ita sama."

Kofur ya dubi fayil ɗin, ya dubi Saje. Bakinsa ya ɗan motsa. Amma shekara goma sha takwas bai taɓa ce wa mai igiya uku "ba aikina ba ne" ba, kuma ba yau zai fara ba. Ya sa hannu biyu ya karɓa.

"An karɓa, Yallaɓai!"

Saje ya koma gida ya ɗauki jan biro ya yi wa Mataki na ɗaya rabin alama. Saura sigina, wato takardar amsa, ta zo daga sama.

"Sun ba ka rasit?" matar ta tambaya.

"Na miƙa a hannun soja. Wannan ya fi rasit."

"A kwalejin akwai soja?"

"Ke dai yi ɗinkinki."

Daga nan duk ranar Litinin, ƙarfe tara daidai, yana bakin ƙofar kwalejin cikin farar riga.

"Kofur, rahoto."

"Yana kan hanya, Yallaɓai!"

Sai ya gyaɗa kai cike da gamsuwa, ya sha shayi kofi ɗaya, ya yi wa yaran da ke wucewa kallon banza, ya dawo. Abin mamaki shi ne, babu mahaluƙin da ya kamata ya san ma'anar wannan amsar kamar Saje. Shekara ashirin da biyu da ita ya ci abinci. Duk lokacin da wani kyaftin ya leƙo sito yana neman takalman da ba a ko yi odarsu ba, abin da Saje yake ƙamewa ya ce ke nan: yana kan hanya, Yallaɓai. Amma ita wannan amsar daɗinta ke nan, wanda ake faɗa wa ba ya taɓa gane ta, ko da shi ya ƙirƙiro ta.

Litinin shida suka wuce haka. A ƙasa, mutanen ƙofar shago sun sa masa suna Furofesa. Mai-taya ya sayo sabon ƙwado ya sa wa ɗakin ajiyarsa, ya rataye makullin a ƙusar da ke daidai ƙofar bene, inda dole Saje ya gan shi in zai hau, ya gan shi in zai sauko.

Ranar Alhamis ta mako na bakwai, wajen ƙarfe ɗaya na rana, yana zaune yana lissafa darussan zangon farko sai ya ji keken ɗinki ya tsaya. Matar ta leƙo da awo rataye a wuyanta.

"Saje, matar nan da ta karɓi ɗinki yanzu, 'yarta ma ta nemi kwalejin nan taku."

"Allah ya ba ta sa'a. In ta shigo ajinmu zan riƙa taimaka mata."

"Ta ce yau ake rufewa, ƙarfe huɗu."

"Na sani. Yana jikin bango."

"Ta ce duk wanda aka karɓi takardarsa an turo masa saƙo a waya da wata lamba. Tun ranar da yarinyar ta nema aka turo mata. Kai an turo maka?"

"Sigina a takarda take zuwa, da hatimi. Ba a waya ba kamar tallan magani."

"To." Ta tsaya tana kallonsa. "Ni ban yi soja ba, ban yi kwaleji ba. Amma in mace ta kawo min yadi na ce mata yana kan hanya har sau shida, to wallahi ko yanka shi ban yi ba."

Ta koma kan kekenta. Ƙarar ta ci gaba, tar-tar-tar. Saje ya zauna biro a hannu. Ya so ya yi tsaki, tsakin ya ƙi fita. Ya dubi agogon bangon da aka sallame shi da shi. Ya tashi ya sa takalmi, bai tsaya guga ba.

Motar haya ta ɓata masa fiye da awa ɗaya a cunkoso. Uku saura kwata ya isa. Kofur ya hango shi ya haɗa dunduniya, amma yau ba Litinin ba ce, kuma sarawar tasa ta ɗan karkace.

"Barka da..."

"Ina fayil ɗina yake?"

"Yana kan..."

"Kofur. Teburin wa yake kai yanzu? Faɗi sunan ofishin."

Kofur ya kafa idonsa a kan bangon da ke bayan Saje, kamar yadda aka koya masa. Saje ya ratsa shi ya shiga ɗakin gadin. Bai sha wahalar nema ba. Koren zaren ne ya fara gani yana leƙowa daga ƙarƙashin butar shayi. Ya ɗaga butar. Ga fayil ɗinsa nan, da zoben ruwan shayi a bayansa, ɗaya kan ɗaya, har sun yi duhu. Duk Litinin ɗin da ya zauna a kujerar nan yana kurɓar shayi, a kan takardunsa aka dafa shi.

"Na sa shi a nan ne don kar iska ta ɗauka, Yallaɓai."

"Na ce ka wuce da shi sama!"

"Babu sama, Yallaɓai."

"Kamar yaya babu sama?"

"Ni ba ma'aikacin kwaleji ba ne. Kamfanin gadi ne ya kawo ni. Shugabana yana zuwa ranar Asabar a kan babur ya duba ko ina nan. Na nuna masa, ya ce shi ba ruwansa da takarda. Na tare wani malami a mota, ya ɗaga gilashi."

"To me ya hana ka faɗa min? Mako bakwai!"

Kofur ya ƙara ƙamewa, gumi na bin gefen hularsa.

"Ba ka tambaye ni ko zai yiwu ba, Yallaɓai. Oda ka ba ni."

Saje ya buɗe baki. Duk zagin da ya tara a bariki bakwai yana nan a kan harshensa, kowanne da lambarsa. Amma wa zai zaga? Mutumin nan bai karya doka ko ɗaya ba. Da a bariki ne ma yabo za a rubuta masa. Soja biyu, shekara arba'in a tsakaninsu, sun taru sun tsare takarda a bakin ƙofa kamar fursuna, yaran da ba su iya ɗaure wando ba kuwa suna ta wucewa ta gabansu suna samun gurbi.

"Ina ofishin ɗaukar ɗalibai?"

"Bene na biyu, hannun dama, Yallaɓai. An rubuta a allon can."

Da gudu ya hau benen, abin da rabonsa da yi tun yana kurtu. Ofishin dogon ɗaki ne mai fanka ɗaya da ke juyawa kamar ba ta so. Babu layi, babu mai tsawatarwa, takardu a kan kujeru, takardu a ƙasa. A bayan kanta wata mata ce mai tabarau, ba za ta wuce shekara talatin ba, tana cin biskit daga cikin aljihun tebur tana danna waya. Da a sitonsa ne aka ga ma'aikaci haka, da ya yi tsallen kwaɗo har la'asar. Ya tsaya a gabanta ya haɗa ƙafa, ya ajiye fayil a kan kanta.

"Na zo miƙa takardar neman gurbi."

Ta dubi zoben shayin, ta ɗaga koren zaren da bakin biro kamar wadda ta tsinci mataccen ɓera.

"Baba, na ɗanka ne?"

"Nawa ne."

"Naka." Ta sauke tabarau ta dube shi ta samansa. "To ba ma karɓar takarda. Shekara nawa da dainawa. A kwamfuta ake cikawa."

"Komai yana ciki, bisa tsari. An lamba kowace..."

"Ko da zinariya ka lamba su. Ga kwamfuta can a lungu, ta masu nema ce. Ka cika, ka ɗora hotunan takardun, ka tura. Ƙarfe huɗu take rufe kanta, ba ni nake rufe ta ba."

"Ina son ganin shugabanki."

"Ya tafi ɗaukar yara daga makaranta."

"Na sama da shi fa?"

"Baba, ko shugaban kwalejin ka gani, kwamfutar can zai nuna maka. Uku da kwata yanzu. Da ni ce kai, da na je na zauna."

Ta koma kan biskit ɗinta.

Ya je ya zauna. Kujerar roba ce mai ƙafa ɗaya a ɗaure da waya. A shekarunsa na ƙarshe a sito an kawo irin wannan na'ura, ya sa aka ajiye ta a lungu aka lulluɓe da bargo, in an matsa sai ya kira wani kurtu ya tsaya a kansa yana ba shi oda. Yau babu kurtu. Ya sa yatsa ɗaya ya fara neman haruffan sunansa. Wanda ya jera su a kan allon nan ko dai mahaukaci ne ko farar hula, don babu harafin da ke kusa da ɗan'uwansa. Ya samu na farko, ya samu na biyu. Na uku ya danne shi da ƙarfin da yake buga hatimi, harafin ya zubo guda goma sha wani abu. Ya nemi abin gogewa, ya taɓa wani abu, shafin gaba ɗaya ya ɓace.

Wata yarinya da ke tsaye a bayansa ta toshe baki tana dariya, ƙawarta ta ja ta suka fita.

Ya sake farawa. Suna. Ranar haihuwa. Sai wani akwati ya fito yana neman adireshin imel, ya ƙi barinsa ya wuce. Ya rubuta adireshin gida, saman shagon taya, akwatin ya yi ja. Ya sake rubutawa da manyan baƙaƙe, ya sake yin ja. Rigarsa ta manne masa a baya. A ƙasan allon akwai ɗan ƙaramin agogo, yana cewa uku da minti talatin da takwas, kuma shafi na ɗaya yake cikin shida.

A bayansa ya ji an rufe aljihun tebur. Ya ji ƙarar makullai, ya ji an zuge jaka. Ya waiwaya. Matar ta miƙe tana karkaɗe garin biskit daga jikinta, ta rataya jakar a kafaɗa, ta kashe fanka.

Saje ya tashi tsaye. Ƙafafunsa suka nemi haɗewa da kansu, ya hana su. Ya rasa inda zai sa hannuwansa, sai ya riƙe bayan kujerar robar. Muryar da ta fito ba ta fareti ba ce, har sai da ya gyara ta sau biyu.

"Malama. Ban iya ba. In ƙarfe huɗu ta buga ban tura ba, shi ke nan tawa ta ƙare. Don girman Allah ki ajiye jakar nan, ki zo ki zauna a kujerar, ni in tsaya in riƙa karanto miki."